Hannun Kaka Pyo Geum-rye

Da ƙarfe bakwai na safe take ɗaga ƙofar shagonta a tsohuwar kasuwar birnin Jeonju. Ta zauna gaban keken ɗinki, ta rage tsawon wando, ta sauya zif, wayarta na ajiye kusa da almakashi. In ta yi ƙara, sau da yawa ɗalibin makarantar fim ne da ke neman tsohuwar da za ta fito a aikinsa na farko. Shekara ashirin da huɗu Kaka Pyo Geum-rye tana amsa irin wannan kira, ba ta taɓa karɓar komai ba sai kuɗin mota. Bana gwiwoyinta sun gaza, ta ce ta ajiye fitowa a fim.

Duk wanda ya fara koyo a makarantarmu ya san ta. Seol Hye-rin, wadda yanzu ke ɗaukar sauti a manyan finafinai, ta ce Kaka ce ta fara nuna mata cewa makirufonta na leƙowa a hoto. Wani ya shaida mini ta yi masa kuka a gaban kyamara sau bakwai a jere don ya manta bai danna maɓallin ɗauka ba, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Uwar masu koyo, wadda ba ta taɓa shiga aji ba.

Ni nawa labarin na kunya ne.

A shekarata ta farko aka ba mu aikin fim na minti biyar. Na kai Kaka tashar bas cikin sanyin Janairu, na tsayar da ita inda nake so. Ta dubi sama, ta ce mini rana tana bayanta, fuskarta za ta fito baƙa. Abokan aikina biyu suna tsaye suna ji, sai na ce, "Kaka, ni ne darakta."

Ta ce to. Sau tara muka ɗauka, tana hura hannuwanta tsakanin kowace ɗauka.

Da na zauna haɗa fim ɗin, na ga abin da ta faɗa: babu fuska, sai inuwa. Na yanke duka. Abin da ya rage nata shi ne hannunta yana miƙa tikiti, daƙiƙa uku. Na riƙe lambarta mako biyu ban kira ba.

Ranar da aka nuna ayyukanmu da rana, sai ga ta cikin rigar sanyinta ta fita biki, da ƙawayenta uku na kasuwa, da kwalin wainar shinkafa da ta kawo wa ɗalibai. Suka zauna a layin gaba. Fim ya ƙare, aka kunna fitila, ɗaya daga cikin ƙawayen ta tambaya da ƙarfi, "Geum-rye, wai ke ina kika fito?"

"Ke dai idonki ya mutu," in ji Kaka. "Ba ki ga hannuna ba?"

Aka yi dariya. Na sulale na tsaya bayan matakala, a can ta same ni. Na jira faɗa. Sai ta ce hannun ya fito da kyau, don a wannan ɗaukar na juya na bar rana a bayana, in riƙe wannan. Ta danƙa mini waina biyu, ta tambaye ni yaushe za mu yi na gaba.

Fim uku ta ƙara yi mini. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cin abinci da kyamara, kuma ban taɓa buɗe baki na ba ta haƙuri ba. Kullum sai in ce sai na yi wani babban aiki tukuna.

Kaka, ke ce kika koya mini duba haske kafin in dubi kaina. Ke ce kika rufa mini asiri a gaban ƙawayenki, a ranar da na kunyata ki a gabansu. Ki yafe mini. Na gode, mu duka mun gode.

Ku da kuka iya aikin yanzu, in mai koyo ya zo muku da rawar kai, ku yi masa irin haƙurin da ta yi mana. Ku kuma masu farawa, in kun cire mutum daga fim ɗinku, ku kira shi tun kafin ya gayyato ƙawayensa.