Nonona Ya Sha

Inna na cikin takabar Baba lokacin da 'yan sanda suka shiga gidanmu na unguwar Dagmanet.

A gidanmu namiji baƙo iyakarsa zaure. Amma akwai wani ɗan maƙwabta da uwarsa ta rasu yana jinjiri, Inna ta shayar da shi tare da yayana. Nono ya mai da shi ɗan gida, don haka ba a yi masa shamaki. Ya girma ya shiga aikin ɗan sanda, mu kuwa muka riƙa hura hanci da shi a unguwa.

Ranar da hantsi ya yi sallama cikin kayan gida, babu kaki.

"Shigo, ɗana," in ji Inna daga ɗaki.

Ya durƙusa ya sake yi mata ta'aziyya, na dama masa fura da hannuna. Yana sha yana tambaya: yayana ya dawo daga haƙar zinariya a Tchibarakaten? Wane ɗaki yake kwana? Ni sakarai har nuna masa na yi. Ya ajiye ludayi ya fita, ya bar ƙofa a buɗe. Sai ga takalman 'yan sanda huɗu a tsakar gida.

Wai na'urar neman zinariya aka sace, ana zargin yayana, wanda a ranar yana Tabelot wajen albasa. Suka ɗaga gadon Inna, suka zazzage akwatin rigunan Baba a ƙasa. Inna ta juya fuska ga bango, tana jan mayafi. Ba su samu ko allura ba. Suka fice, ko sannu babu.

Da la'asar zaurenmu ya cika da musu. Wani tsohon maƙerin azurfa ya ce ko gwamna bai isa ya tsallake zaure ba sai da izini. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce hukuma na iya shiga, amma da takardar alƙali. Mai shagon kusa da mu ya ce wanda bai ɓoye kome ba, mi zai ji tsoro? Na leƙo na ce in haka ne gobe a fara da ɗakin matarsa.

Washegari na tafi komisariya, ofishin 'yan sanda, kai ƙara. Shugabansu ya saurare ni sarai, sannan ya ce, "Madam, ba mu fasa ƙofa ba. Mai gidan da bakinta ta ce wa ma'aikacinmu ya shigo. In ba haka aka yi ba, ta zo ta faɗa, mu hukunta su."

A nan na gane cewa tun kafin su taso sun san ba su da takarda. Ɗan da Inna ta shayar shi ne takardarsu.

Na dawo ina huci, na zauna gaban Inna.

"Inna, kalma ɗaya kawai. Ki ce ba ki ba da izini ba. Ai ba su kika ce wa su shigo ba."

Ta daɗe tana ninke rigar Baba.

"Ɗiyata, ina takaba in yi ƙarya? Ni na ce ya shigo."

"To ki tsine mishi! Ki hana shi gidan nan!"

Sai hawaye suka zubo mata, na farko tun ranar jana'iza.

"Abin da ke ƙona ni ke nan," ta ce. "Gobe in ya yi sallama, ban san yadda zan ce a'a ba. Nonona ya sha."

Ƙarar ba ta je ko'ina ba.