Neman Injin Rufe Robar Zoɓo, Daga Yelwa Zuwa Shanga

In dai maganar inji ce, duk ƙasar Yawuri babu na biyuna. Ƙararsa kawai zan ji in faɗa maka ciwonsa. Haka na gaya wa matata Hajo. Zoɓo take ɗurawa a robobin da muke tsintowa gidajen biki. Murɗa marfi ya kumbura mata hannu, mai kantin da ke sara kuma ya rantse in roba ta sake yoyo a firjinsa, an rabu.

Wara

Ana sallame asuba na shiga motar Wara da buhun robobi. A shingen hanya soja ya zunguri buhun.

"Baba, mene ne wannan?"

"Kamfani ne, yallaɓai."

A Wara wani Alhaji da gidan ruwan robarsa ya durƙushe ya nuna mini nasa injin. Ya kai girman kwalekwale! Da na tambayi abin da yake ci, ya ce wuta, dare da rana. Mu da wuta ke leƙo mu kamar baƙon kunya. Na ci tuwon shinkafa da kifi a bakin tafki, ban ji ɗanɗanonsa ba. A shagon wani masunci na kwana, sauro suka yi walima.

Shanga

Hanyar Shanga kuwa ta garinmu Yelwa ta bi. Da muka zo daidai unguwarmu na cusa kai cikin buhu, kada a gan ni ba inji.

A Shanga ɗan kabu-kabu ya kai ni wurin wani makaniki mai ƙaramin inji na hannu, ba ruwansa da wuta. Raina ya dawo. Roba ta farko ta rufu ƙam. Ta biyu ya tauna mata wuya. Ta uku ko kama ta bai yi ba.

Makanikin ya ce, "Kawu, bakin roba iri ɗaya kawai ya sani. Robobinka kowace da ubanta. Sai ka sayi sababbi iri ɗaya daga Kano."

Sababbin robobi kuwa sun fi zoɓon da ke cikinsu tsada. Na zauna a kan taya, na kasa ko wasa.

Gida

Alhamdu lillahi, na iso lafiya bayan la'asar. Mai kanti ya riga ya dawo da kaya, sun yi ja a tsakar gida. Hajo ta dubi hannuna, ta dubi buhun, ta turo mini kujera da ƙafa.

"Sannu da hanya, Malam. Zauna ka murɗa, ni hannuna ya mutu."