Baba Mai Fenti, mai bin sawun ruwa

Duk safiyar da aka wayi gari da ruwan sama, kafin mu masu jan bargo mu gama miƙa, Baba Mai Fenti ya riga ya fita. Takalmin roba ne a ƙafarsa mai kaiwa gwiwa, na hagun an liƙe shi da facin taya. Gwangwanin jan fenti a hannu ɗaya, tsohon buroshi a ɗayan. Yakan fara da ma'aunin ruwan sama da ke tsakiyar gandun gwaji na ma'aikatar gona, inda yake aikin lebura. Zai ɗaga kwalbar daidai idonsa, ya rubuta abin da ya gani, ya zubar da ruwan. Wannan shi ne aikin da aka sa shi, kuma minti biyar ya ishe shi. Wanda ba a sa shi ba shi ne ke cinye masa safiya.

Daga gandun sai ya gangara kwarin da ke bayan unguwarmu, inda rafi ya ratsa. Idan ruwa ya cika ya janye, yakan bar layin ciyayi da karare da laka a jikin bishiyoyi da duwatsu. Wannan layin Baba yake bi. Inda ruwa ya tsaya, nan zai ja jan fenti, ya rubuta shekara a gefe da ƙananan lambobi. Dole ya yi sammako, don da rana ta ɗaga lakar za ta bushe ta zube, awaki su watsa tarkacen, shaida ta tafi ke nan. Shekara talatin da shida yana wannan abu. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don na san halinsa: in aka ƙyale shi, sulalewa zai yi ba tare da ko sallama ba.

Waɗanda suka tare bara da bana ba za su yarda da ni ba, amma lokacin da na fara zuwa nan, shekara ashirin da biyu ke nan, gidaje goma sha ɗaya ne na ƙirga. Tudun yamma duk jar ƙasa ce mai tsakuwa, masara da gyaɗa iya ganinka. In ka gangara sai ƙasar ta koma baƙa mai danƙo, ka ji sanyi ya doki fuskarka tun kafin ka hango rafin. Inda gidan mai yake yanzu tafki ne, balbelu na sauka da yamma har bishiyoyin gefensa su yi fari fat. Titin da muke zagin juna a kansa saboda cunkoso kuwa, 'yar hanya ce da keke biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya kauce. Ina kewar wannan wuri, ba zan ɓoye ba, duk da na san ni ma ina cikin waɗanda suka cinye shi da bulo da siminti.

A lokacin mutane ba su ɗauki Baba da daraja ba. Wasu na cewa ma'aikatar gona ta ɗauki mai yi wa bishiya kwalliya. Mata kan tsokane shi, su ce in fentin ya yi saura ya zo ya shafa musu ƙofar ɗaki. Shi dai sai ya yi dariya, ya ce ranar da ƙofar ta sha ruwa zai zo.

Ni da faɗa muka fara. Dillali ya kai ni kwarin a tsakiyar rani, ƙasa a bushe ƙarau, ga inuwa, ga iska. Na ce ai na tsinci dami a kala. Na kafa turaku, na ja igiya, har na nuna wa mai ɗakina inda kicin ɗinta zai zauna. Muna cikin haka sai ga dattijo da gwangwani.

"Sannu da aiki, ɗana. Gida za a yi?"

"Gida za a yi, Baba, in Allah ya yarda."

"Allah ya yarda. Sai dai fa nan ɗakin wani ne."

"Na wa? Ga takarduna a aljihu."

"Na ruwa. Yawo yake zuwa, wani lokaci ya yi shekara bakwai bai leƙo ba. Amma bai taɓa cewa ya tashi ba."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ga wani ɗan baƙin ciki, mutum bai ko sa tubali ba an fara yi masa baki. Na soma ɗaga murya. Sai da na gama ya ce, "Zo mu taka." Taku ashirin muka yi zuwa gindin wani mangwaro. Ya nuna mini jan layi a jikinsa, wanda sai da na ɗaga kai kafin na gan shi. Mai ɗakina ta dubi layin, ta dubi inda na ce kicin ne, ta ce, "Baban yara, ni dai ban iya iyo ba." Daga ranar ba ta bar ni na sha ruwa da daɗi ba, sai da na yi musayar filin da wani ƙarami a kan tudu, mai duwatsun da suka karya wa leburori diga biyu. Shekara uku ina riƙe da Baba a ciki. In mun haɗu, gaisuwar da nake masa ko kare ba zai ci ba, shi kuwa kullum sai ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya.

Sai gari ya matso. Aka zo da shirin yanka kwarin gaba ɗaya, filaye ɗari biyu da wani abu. Masu lambun rani suka tashi hankalinsu, don nan ne abincinsu. Aka kira taro a ƙarƙashin rumfa, shugabar ofishin filaye ta zo da mai safiyo da taswirarsa. Mu da muke ganin mun yi boko muka yi ta zuba dogon turanci, har ta fara duba agogo. Can sai Baba ya miƙe daga baya, ya cire hula.

"Ranki ya daɗe, ni ban iya bayani ba. In takalminki zai jure, zo mu taka."

Takalmin bai jure ba. Tun a gangaren farko dunduniyarsa ta nutse, sai da matar wani mai lambu ta ara mata silifas. Awa uku suka yi suna zagaye, Baba a gaba, ita a baya, mu kuma zuga guda muna biye. Alama sittin da uku ya nuna mata, a jikin bishiya, a jikin dutse, a ƙafar tsohuwar gada. Ta sa mai safiyo ya kafa na'urarsa ya auna. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, alamun kowace shekara, daga wannan bakin kwari zuwa wancan, tsayinsu ɗaya ne cif, kamar ruwan da ya kwanta a baho. Na ji mai safiyon da kunnena yana cewa, "Ranki ya daɗe, abin da ke jikin itatuwan nan babu shi a taswirarmu." Ba a yi wata biyu ba takarda ta fito: duk abin da ke ƙasa da jan layi mafi tsawo, ba a yarda a yi gini a kai ba.

Dillalai sun zage shi tas. Wani ya sa aka sare bishiyoyi uku masu alama. Baba ya je ya tsaya a kan kututturansu, aka ce har ya share ido da gefen riga, sannan ya ɗauko igiya ya mayar da alamun jikin duwatsun da ke kusa.

Damina biyu bayan haka, wata ranar Laraba da azahar, sama ta buɗe. Kafin la'asar kwarin ya zama kogi. Muka tsaya a kan tudu da laima muna kallo. Inda na so in yi wa mai ɗakina kicin, ganyen mangwaro kawai ake gani yana rawa a kan ruwa. Ta taɓa ni da gwiwar hannu, ba ta ce komai ba, kuma da ta yi maganar ma da ya fi mini sauƙi. Washegari na yi sammako na sami Baba a cikin laka. Na tsara jawabin ban haƙuri tun daga gida, amma ina buɗe baki ya miƙo mini gwangwanin ya ce, "Riƙe mini nan, ɗana, hannuna ya yi santsi." Iyakar abin da ya bari aka faɗa ke nan a kan maganar, har yau.

Yanzu ku je kwarin ku gani. Gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, shi kaɗai ya rage kore. Da rani masu lambu sun fi arba'in, tumatir da albasa da karas da latas, har daga cikin gari ake zuwa sari. Da sassafe za ka ga mata rukuni-rukuni suna zagaye, likita ya ce su riƙa tafiya saboda hawan jini, amma ni ina zargin hirar ce ta fi kawo su. Da yamma matasa na buga ƙwallo a fakon gabas, tsofaffi biyu-uku na zaune da ƙugiya a bakin rafi suna yi wa juna ƙaryar girman kifin da ya kuɓuce. Ranar hutu iyalai kan shimfiɗa tabarma a inuwa. Malamar labarin ƙasa ta makarantar unguwa ta gaya mini cewa darasin da take shan wahalarsa mako biyu a kan allo, a jikin dutsen Baba rabin awa yake ɗauka. Yawancin masu jin daɗin wurin nan ba su san wanda ya tsaya musu ba. In sun gan shi ma, matsawa suke yi kada fenti ya taɓa musu kaya.

Kai ne, Baba, ka koya mana cewa ƙasa tana da hali, kuma ba a sanin halinta daga cikin mota. Kai ne ba ka taɓa cin nasarar gardama da baki ba, sai da ƙafa. Mai bin sawun ruwa, dattijon da ba ya cewa "ai na faɗa muku". Na yi shekaru ina jiran ranar da za ka goranta mini, ba ta zo ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo.

Makon jiya muka zauna, mu 'yan unguwa, don shirya masa walimar sallama. Tunda zai bar ɗakin ma'aikata da ke gandun, sai wani ya tambaya a wane layi gidansa yake, don mu kai masa kujeru. Aka dubi juna, ba wanda ya sani. Shugaban masu lambu, wanda sa'ansa ne, ya daɗe yana murza hula a hannu kafin ya yi magana.

"Ya hana ni faɗa, amma yau kam sai dai ya yi fushi. Ba shi da gida. Kun ga inda muke shuka albasa, daga gada har mangwaron nan? Gonar mahaifinsa ce, ita kaɗai ya gada. A nan ya so ya yi gini in ya bar aiki, ya sayar da rabi ya gina rabi. Ranar da ya zagaya da matar nan ta ofis, a tsakiyar gonarsa ya nuna mata layin da ya fi kowanne tsawo."

Ni duk zatona filin gandu ne. Ban iya zama ba, na tashi na tafi wurin Baba. Na same shi yana ɗaure kayansa a buhu, zai koma gidan 'yarsa, wani ɗaki da ke bakin ƙofa.

"Baba, ashe gonarka ce? Me ya sa ba ka tsallake ta ba ranar nan? Wa zai sani?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"To, ɗana, shi ruwan ya san gonar ubana ce? In na sayar wa mutum ya kwanta da 'ya'yansa a ciki, da wane ido zan je jana'iza?"

Na zauna a kan buhun, ni da furfurata, hawaye suka zubo mini.

Baba, mun gode. Iyalai ɗari biyu da ba su san sun tsira ba sun gode ta bakina. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwa, ya gina maka inda ruwa ba ya ci. Mu kuma da muka rage, gari bai daina matsowa ba, kuma watan jiya na ga sababbin turaku a gefen fakon gabas. Wata rana za a sake kafa rumfa, a sake tambaya ko akwai mai magana. Ina roƙon kowannenmu, duk abin da ya sani na gaskiya a bakin aikinsa, ya miƙe ya faɗa, ko da nasa ne zai fara tafiya. An yi haka a gabanmu, a unguwar nan. Mutumin da ya hana ruwa shiga ɗakunanmu zai bar aiki ranar Juma'a, kuma ba shi da ɗakin kansa.