Umrar Dogo, ta Tara Kuma ta Ƙarshe

Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, Allah ya karɓi abinsa. Alhaji Abdulganiyyu Tsoho, tela a unguwar Mansur da ke ƙasa mai tsarki, ya rasu yana da shekara 76. Daga gare Shi muke, can kuma za mu koma.

Alhaji, da labarin ya iske ni na yi baƙin ciki, amma ajiyar zuciya na fara yi. Ka san dalili.

Mahaifinka, Malam Tsoho, sojan ƙasa ne a rundunar Faransa da ta tashi daga Chadi. A 1943, a Tunisiya, aka umarci su goma su hau wani tudu da rana tsaka, gaba da gaba da bindiga mai jigida. Shi kaɗai ya sauko. Kafin ya rasu ka yi masa alkawarin yi wa kowanne cikin taran umra.

Takwas ka gama tun kana da ƙarfi. Ta mutum na taran ce ta tsaya, don mahaifinka bai san sunansa na yanka ba, Dogo kawai suke ce masa, kai kuma ka ƙi ɗaura niyya da laƙabi. Har Tunis ka je neman sunan, maƙabartar sojojin Amurka, a zatonka duk waɗanda suka yi yaƙi a ɓangare ɗaya wuri ɗaya ake binne su. Ka bi layukan fararen duwatsu kusan dubu uku kana karantawa, sai mai gadi ya shaida maka Amurkawa ne zalla. Ka dawo kana yaba yadda suke riƙe sunayen matattunsu. Ban ji ka zagi kowa ba.

Haka kake a shago ma. Mahajjaci ya kawo yagaggen harami, ka ɗinke, ka haɗa masa da shayi.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da kai, muka tsorata za ka tafi da alkawarin a wuya. Matarka Hajiya Hadijatu ce ta raba gardama. Ta ce, "Ya Abu Rakan, khalas, ya isa haka! Allah ne bai san Dogo ba? Tashi mu tafi."

Ɗanka Rakan ya tura ka a keke daga Tan'im, inda ake ɗaura harami. Ina gefenka lokacin da ka ɗaga murya ka ce, "Labbaika, umra a madadin Dogo." Kwana goma sha tara bayan nan muka sallace ka a Harami.

Allah ya karɓa, ya jiƙan ka, ya jiƙan Malam Tsoho da mutum taran nan. Hajiya Hadijatu, Rakan, 'yar'uwarsa Arwa da sauran dangi, Allah ya ba ku haƙuri. Ya sauke nauyinsa kafin ya tafi.