Ranar da na shafe rundunar Yaya Mutari

Shekara tara ke nan da muka rasa yayana Mutari. Duk shekara idan watan ya kama, Inna takan sa a yi sadaka a raba a unguwarmu ta Lamorde, ni kuma in zauna kusa da ita ina amsa gaisuwa kamar ƙanwar da ba ta da abin ɓoyewa. Bana na ga ya kamata in rubuta shi a jarida, domin akwai abin da na yi masa wanda ban taɓa faɗa a gida ba, kuma ba shi kaɗai abin ya shafa ba.

Ga wanda bai san shi ba, Mutari ɗalibin lissafi ne a jami'a, siriri, mai son musu, an haife shi da amosanin jini. Mu 'yan Damagaram ne, aikin gwamnati ya kawo mahaifinmu Yamai, muka zauna a hayin gulbi, tafiyar ƙafa daga jami'a. Ciwon kan zo wa Mutari ba sallama. Yau yana fada, wato majalisar samari ta ƙofar gida, ana shan shayi ana gardamar ƙwallo, gobe yana kwance yana cizon gefen matashi. A irin wannan kwanciyar ne wani kawunmu ya kawo masa ɗan akwatin wasa daga cikin gwanjon da ake shigowa da shi daga Faransa. Yana buɗewa kamar littafi, yana da gilashi biyu, sama da ƙasa, da ɗan tsinken roba da ake taɓa na ƙasan da shi. Wasa ɗaya ne a cikinsa, maganarsa duka Faransanci.

Wasan yaƙi ne, amma iri biyu aka haɗa. Da farko kana zaune kamar mai dara, kana jera mayaƙanka gida-gida, kana auna wa zai tsaya gaba, wa zai riƙe wane makami. Da an fara faɗa sai ka koma wani ɗan haske a bakin tsinke, abokan gaba suna watso harsasai ja da kore da shuɗi kamar tsakiya ta tsinke a tsakar ɗaki, kai kuma kana kutsawa tsakaninsu don ka isa wurin mayaƙinka ka ba shi umarni. Kai yana lissafi, hannu yana gudu. Mayaƙin da ya faɗi kuwa ya tafi ke nan. Mutari yakan ce ciwonsa ma haka yake, ba a tare shi, sai dai a nemi 'yar kafar da ke tsakanin sara da sara a bi ta nan.

Ya fi shekara yana wannan wasa bai rasa mayaƙi ko ɗaya ba. Idan wani ya faɗi, sai ya kashe akwatin ya sake faɗan daga farko, ko da zai ci masa kwana uku. Mayaƙan duk ya raɗa musu suna. Na ɗauka sunaye ne kawai. Sai daga baya na san cewa na mutanen da suke haɗuwa da su ne a layin likita, masu irin ciwonsa, kuma wasunsu sun riga sun rasu.

Mutum ɗaya ne yake ba aron akwatin, amininsa Lawali, ɗan Tawa, wanda yake zaune a ɗakunan ɗalibai. Shi ma da sharaɗi: ya yi wasa yadda yake so, amma kada ya kuskura ya ajiye abin da ya yi, domin gurbin ajiya ɗaya ne tak a wasan, kuma rundunar Mutari ce a ciki.

Ni a lokacin shekarata goma sha bakwai. Na faɗi jarrabawa na bar lakol, wato makarantar boko, Faransancina bai wuce na gaisuwa da sayen burodi ba. Abin da na ƙware a kai shi ne littattafan soyayyar da ake kawowa daga Kano. Ina karanta su a bakin murhu, ina karanta su a layin famfo, kuma duk saurayin da ke cikinsu fuskar Lawali nake sa masa. Shi kuwa iyakarsa da ni ya ce, "Ƙanwa, a taimaka da ruwa." A littattafan, yarinya takan ja hankalin wanda take so da wani abin da bai zata ta iya ba. Na ga su biyun suna raba awa guda suna maganar jeren mayaƙa da kaucewa harsashi, sai na ƙudura cewa wata rana zan sa musu baki, Lawali ya juyo ya dube ni da mamaki.

Wata Litinin da hantsi Inna ta raka Mutari likita a duba jininsa. Lawali ya zo maido da akwatin, bai tarar da shi ba, ya miƙa mini a bakin ƙofa ya ce ga amanar malam, a ajiye inda ruwa ba ya zuwa. Yana juya baya na shige ɗaki na buɗe. A ganina na yi hankali, domin ban shiga wasan Mutari ba, sabo na fara. Da ƙyar na ci faɗan farko, harsasai sun same ni ba adadi. Sai wata doguwar tambaya ta fito a gilashin. Kalma ɗaya na gane a cikinta: ekraze. Wannan kalma na san ta sarai daga fadar ƙofar gidanmu, inda ake cewa an ekraze ƙungiyar da aka lallasa a ƙwallo. Na ɗauka ana tambayata ne ko in murƙushe sauran abokan gaba. Na danna "wi", wato e, da alfaharina. Ashe a bakin na'ura, ekraze na nufin a rubuta sabo a kan tsoho. Rashin sani ya fi dare duhu. Na rufe akwatin na ɗora masa a kan matashi, ina ta murna.

Bayan la'asar Mutari ya buɗe. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji ɗakin ya yi shiru irin wanda ban saba ji ba. Ya aika aka kira Lawali. A gindin mangwaron gidanmu suka tsaya, Inna tana zaune a tabarma. Mutari ya nuna masa gilashin: mayaƙa biyu ne kawai, ba suna, a ƙofar faɗa na biyu. Lawali ya rantse cewa yadda aka ba shi haka ya maido. Mutari ya ce shi rundunar ba ta yi masa zafi kamar rantsuwar ba. Sai Lawali ya juyo wurina.

"Ramatu, ba a hannunki na bari ba?"

"Yadda ka ba ni haka na ajiye," na ce.

A daidai lokacin na riga na gane abin da na yi. Amma in na amsa, za a tambaye ni me ya kai ni, kuma amsar tana tsaye a gabana da jakar littattafai a kafaɗa. Lawali ya dube ni, irin duban da na daɗe ina jira, sai dai ba mamakin da na so ba ne a cikinsa. Ya yi wa Inna sallama ya fita. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ran nan wani ya doka.

Kuskuren kalma kowa na iya yinsa, kuma da na faɗa a take, da an yi mini faɗa na kwana biyu an wuce wurin. Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne watanni bakwai da suka biyo baya. A littattafan da na saba, rashin fahimta kan warware da kansa a babin ƙarshe: wasiƙa ta faɗo daga aljihu, ko wata tsohuwa ta tona asiri. Na zauna ina jiran babin ƙarshe. Kullum ina cewa gobe, in ya ji sauƙi, in Inna ba ta nan. Mutari ya sake wasan daga farko, amma bai ƙara raɗa wa kowa suna ba, kuma yatsunsa sun fara kumbura, tsinken yana suɓuce masa. Yakan bar mayaƙi ya faɗi ya wuce abinsa. Duk sanda aka yi sallamar namiji a ƙofa yakan ɗaga kai, in ya ji ba muryar Lawali ba ce ya mayar. Da sanyi ya shigo ciwon ya tashi, aka kwantar da shi. Na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini duk abin da na yi masa. Ya yi murmushi ya ce me na taɓa yi masa banda cinye masa dabino. Na karɓi yafiyar da na san ba ta abin da nake nufi ba ce. Kwana huɗu bayan haka ya cika. Maza sun ce Lawali yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, amma bai shigo gida ba.

Yau ina duban 'ya'yana da wayar salula a hannu, ina tunanin abin da Mutari zai ce. Wasanninsu ba sa ɓacewa. Salula ta faɗa ruwa, a sayi wata, komai ya dawo inda aka bari. Mayaƙi ya mutu, a kalli talla, ya tashi. Na san da farko zai yi tsaki ya ce wannan ba yaƙi ba ne, wasan 'yar tsana ne, wanda ba ya iya rasa komai ba ya koyon lissafi. Amma na san kuma zai karɓi salular ya ce bari dai ya gani, a neme shi har magariba. Lamorde ma ta canza. Fadar ƙofar gidanmu ta watse, an yi shagon cajin salula a wurin. Ɗalibai har yanzu suna wucewa da safe, kuma nakan ga biyu suna tafe suna musu da hannu, ɗaya siriri, sai in kau da kai.

Kafin in kai wannan rubutu, na ga bai dace Lawali ya karanta a jarida abin da ya kamata ya ji daga bakina ba. Na gaya wa maigidana komai, ya ce in shirya ya kai ni. Lawali yanzu malamin lissafi ne, yana zaune a unguwar Koira Kano, a ƙetaren gulbi, da iyalinsa, furfura ta fara fito masa a gemu. Matarsa ta kawo mana ruwa. Na faɗi abin da ya kawo ni tun daga kalmar har zuwa gindin mangwaro. Dalilin da ya sa na buɗe akwatin ne kawai na taƙaita, na ce ƙuruciya, shi ma bai tona ba.

Ya ce ya sani tun ranar. Ba wanda ya taɓa akwatin sai mu biyu, kuma shi ya san bai yi ba. Ya ce bai iya ƙaryata ƙanwar amininsa a gaban mahaifiyarta ba, sai ya tafi yana jiran in faɗa da kaina a aiko a kira shi. Ya ce shi ma yana da nasa kason, domin gadar da ke tsakanin unguwanni ba ta fi ƙarfin mai son zuwa ba, balle shi da a lokacin yake kusa, girman kai ne ya riƙe shi. Na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana juya kofin ruwa a hannunsa.

"Na yafe, ƙanwa. Amma wata bakwai ɗin nan ba ni da su. Ke kike da su. Ki ba ni."

Ban gane ba da farko. Ya ce in gaya masa yadda Mutari ya yi su: me yake ci, me yake cewa, ya yi dariya kuwa, ya ambace shi ko bai ambace shi ba. Na zo da shirin kuka da neman gafara, irin yadda ake rufe littafi, sai ga shi an ba ni aiki. Na fara. Na gaya masa yadda ya koma son kopto, kwaɗon zogale, da yaji duk da likita ya hana, da yadda ya yi musu da wani mai jinya a kan lissafin ɗigon ruwan da ake ƙara masa, kuma shi ne da gaskiya. Lawali ya yi dariya har ya share ido. Da na zo kan ɗaga kai idan an yi sallama, na so in tsallake, ya ce a'a, har da wannan.

Ba mu gama ba ran nan. Wata biyu kawai muka ci kafin a kira la'asar.

Idan na auna abin da ya rage na Mutari, ba shi da yawa a hannu. Bai gama jami'a ba, bai yi aure ba, bai kai ƙarshen wasansa ba. Akwatin yana cikin adakar Inna, batirinsa ya daɗe da mutuwa. Abin da ya rage yana wurin mutane, kuma a rarrabe: Inna tana da ƙuruciyarsa, Lawali yana da shekarun jami'a da sunayen mayaƙan nan, waɗanda ya ce har yau yana iya jero su, ni kuma ina da watannin ƙarshe, waɗanda na riƙe shekara tara ba nawa ni kaɗai ba ne. Yafiyar Mutari kan wannan abu ba zan same ta a duniya ba, sai dai in roƙi Allah Ya isar masa, Ya jiƙansa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara.

Inna ba ta karatun jarida, don haka jiya na zauna na gaya mata da bakina. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce ranar Juma'a a dafa abinci da yawa, a aika a gaya wa yaron nan ɗan Tawa cewa ƙofar gidan ba ta canza wuri ba.