Malama Rahila da Ƙauyen da Sha'ibu Ya Zana

Kafin masu koko su kwashe kwanukansu daga bakin titi, Malama Rahila Tanimu ta riga ta buɗe ɗakin zane. Ɗaki ne guda a ƙarshen wata cibiyar koyon sana'a a Ƙanƙara, bayan na teloli, inda warin kalanzir ke tarbar mutum tun daga ƙofa. Takan fara da buɗe tagogi. Sannan ta zauna kan tabarma ta tankaɗe farar ƙasa da ja, ta jiƙa ƙaro a gwangwani, ta wanke burushin da ɗalibai suka bari ya ƙafe, tana yi masu faɗa alhali ba su iso ba. Fentin kanti ba kullum yake samuwa ba, amma aji bai taɓa tashi don haka ba. In babu shi, akwai ƙasa da gawayi da shuni.

Ɗiyar manoma ce daga wani ƙauye kusa da Daudawa. Ta koyar da zane a makarantun Faskari da Sabuwa tun tana budurwa, kafin a dawo da ita nan. A wannan watan ta ajiye aiki, ga furfura, ga ido ya fara yana. Ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba. Wanda ya fi kowa sanin abin da ta yi shi ne Sha'ibu.

Sha'ibu manomi ne daga Unguwar Ɗanlahadi, wani ɗan ƙauye a bayan Damari. Wata damina 'yan bindiga suka ɗauke shi daga gonarsa ta masara, suka shige daji da shi. Da Allah Ya kuɓutar da shi, ya tarar ƙauyen ya watse, mutanensa sun warwatsu, wasu Funtua, wasu Ƙanƙara. Igiyar da aka ɗaure shi da ita ta ci hannunsa na dama, yatsun sun lanƙwashe, ba sa riƙe ƙotar fartanya. Matarsa Lauratu ta shiga koyon ɗinki a cibiyar don su samu abin kaiwa baki. Shi kuwa sai ya rako ta, ya zauna gindin dalbejiya, bai cewa kowa uffan har a tashi.

Wata safiya Malama Rahila ta leƙo ta taga, ta gan shi yana jan layi a ƙasa da tsinke, da hannun hagu. Ta fito ta tsaya kansa.

"Sannu da hutawa. Mi kake zanawa?"

"Ba komai, Malama. Kunyoyi ne."

"Sun kuwa miƙe. Tashi ka shigo, akwai benci."

Ya ɗaga mata hannun daman don ta gani. Ta dube shi da kyau, ba ta kau da kai ba, ba ta kuma ce wayyo ba.

"Na gani," in ji ta. "Ɗayan fa?"

Haka ya shiga, magidanci mai 'ya'ya, ya zauna a bayan samari da 'yan mata. Kunya ta hana shi ɗaga kai. Da ta miƙo masa gawayi da takarda, ya yi ƙasa da murya ya ce shi fa ba zai zana mai rai ba, zuciyarsa ba ta natsu da hakan ba. Ya san Kirista ce, ya yi zaton za ta ja zancen.

"Ba wanda zai sa ka," ta ce. "Itatuwa da duwatsu da gonakin da Allah Ya shimfiɗa sun ishe ka aiki har ka tsufa."

Ta ajiye tulu kan tebur, ta ce kowa ya zana. Na Sha'ibu ya fito kamar kabewar da jaki ya taka. Gawayin ya karye, gefen hannunsa ya shafe abin da ya yi. Wata ɗaliba mai suna Mansura ta toshe baki tana dariya. Malama ba ta tsawata mata ba. Ta soke hannunta na dama cikin zani, ta ɗauki gawayi da hagu, ta je allo ta zana nata tulun. Ya fi nasa muni. Ajin ya kwashe da dariya, har Sha'ibu ya murmusa.

"To, mu biyu ne sababbi," in ji ta. "Sai mu koya tare."

Ɗalibanta sun shaida cewa tun daga ranar har ƙarshen zangon, ba ta ƙara kama burushi da dama a gabansa ba.

Ke ce, Malama, kika ajiye gwanintar da kika tara tun ƙuruciya, kika koma ɗaliba a gaban yaranki, don kada wani bawan Allah ya ji shi kaɗai ne a baya.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Ta hana shi zana abin da ya sani, ta ce ya zana abin da yake gani. "Kai ka san tulu ja ne. Diba da kyau. Wanga gefen da ke kallon taga ja ne?" Ya duba, ya ga fari-fari ne, ya ga inuwar gindinsa tana da shuɗi a ciki. Ya koyi fara aiki daga dama ya gangaro hagu don kada hannu ya goge. Ya koyi danne takarda da dungun hannun da ya mutu, ya gane ashe shi ma yana da sauran amfani. Ranar da ta ce ya garwaya shuɗi da ruwan ɗorawa, kore ya fito a ƙarƙashin burushinsa, sai ya tsaya yana kallo. Ya ƙara ɗigon ja, ya koma koren dawa mai shirin fitar da kai. Ya ƙara fari, ya zama na gero sabon tsiro. Ranar ce Lauratu ta ji ya yi magana mai tsawo a hanyar gida, duk a kan kore.

Sai aka zo darasin itatuwa. Malama ta raba masu katako da aka ɗaure wa farin yadin akoko, ta ce kowa ya zana daji. Sha'ibu ya ja gindin itace ɗaya, ya ja na biyu. A na uku ya tsaya cak. Irin itacen da ya kwana ɗaure a jikinsa ne ya fito masa, da kaushin ɓawonsa da komai. Ya tsoma burushi cikin baƙi ya shafe allon kakaf, ya tashi ya fita ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Bai dawo ba. Ya daina ma rako Lauratu. Ya koma kwanciya yana fuskantar bango, abinci sai an yi da gaske.

Ranar Lahadi, da aka tashi daga coci, Malama Rahila ta bi tambaya har kangon da suke zaune a bayan gari. Ta yi sallama, Lauratu ta shimfiɗa mata buhu. Ta zauna tana taya ta ɓarar gyaɗa, suna hirar tsadar gawayi, kamar abin da ya kawo ta ke nan. Sai da ta miƙe za ta tafi ta tsaya bakin ƙofar da aka rufe da tsohon zani.

"Sha'ibu, na san kana jina. Ban ce ka zana inda suka kai ka ba. Zana mani inda suka ɗauko ka. Ni ban taɓa zuwa ba, ina so in gani."

Ta yi wa Lauratu sai an jima, ta tafi.

Ya dawo ranar Laraba. Ta ba shi katako mafi girma a ɗakin, ta jingina masa shi kusa da taga. Ya fara da jar ƙasar hanyar da ta taso daga Damari. Ya sa kukar bakin gari, da rijiya, da masallacin laka, da ɗan cocin da ke da rufin kwano, da rumbuna. Ya yi makonni a kai. Malama takan wuce ta bayansa ta ce, "Na nesa ya fi na kusa haske, rage masa ƙarfi," ta yi gaba. Mansura ce ta riƙa dama masa launi ba tare da an sa ta ba.

Lauratu ta faɗa wa wata, wata ta faɗa wa wata. Wata ranar kasuwa sai ga mutanen Unguwar Ɗanlahadi a ƙofar ɗakin zane, maza da mata, Baba Yahuza a gaba da sandarsa, shi ne dattijon da ya rage masu. Malama ta ce a ɗage bencina, su shigo. Suka taru gaban allon. Can wata tsohuwa ta kai yatsa.

"Ga ɗakina. Amma ina turken akuyata?"

"Rijiyar ba nan take ba," in ji wani. "Gabas da kuka take."

Nan fa ɗaki ya kaure. Wannan na neman zaurensa, wancan na cewa rumbunsa ya fi haka girma. Sha'ibu ya riƙe burushi yana gyarawa, gumi na zuba, yana amsa masu ɗaya bayan ɗaya. Baba Yahuza kuwa ya ƙura wa allon ido. Da hayaniya ta lafa, ya share ido da bakin rawani.

"Ya yi, ɗana. Haka yake. Har yanzu ma haka yake, ba kowa a ciki."

Sha'ibu ya dubi allon, ya ga gaskiya ne, kufai ya zana. Ya waiwaya wajen Malama. Tana tsaye can baya, jingine da bango.

"In kana dawowa daga gona da marece," ta ce, "tun daga nesa, mi ke nuna maka akwai mutane a gida?"

Ya juya ga allon. Sannan ya ɗebi fari, ya taɓa shuni kaɗan, ya tsinka shi da ruwa. Daga bayan katangar Baba Yahuza ya ja siririn hayaƙi ya yi sama. Ya ja wani daga gidan tsohuwar. Ya bi gida gida, har wanda masu shi suka riga mu gidan gaskiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Matan suka fashe da kuka. Baba Yahuza ya ɗaga hannuwa ya yi addu'a, Musulmi da Kiristan cikinsu suka amsa da amin.

Yau Sha'ibu na rubuta allunan shaguna, yana zana taswira da itatuwa a bangon azuzuwa daga Ƙanƙara har Faskari, da abin yake ciyar da gidansa. Ranar da Malama ta yi bankwana da cibiyar, ya ɗauko allon ƙauyen ya ce nata ne. Ta ƙi karɓa. Ta ce na masu gidajen ne, a rataye shi inda za su riƙa gani. Yana zauren da Baba Yahuza ke zama yanzu, yaran da aka haifa a gudun hijira ana ɗaga su a nuna masu ƙofar gidansu.

Ke ce uwar masu koyo, Malama Rahila. Ke ce kika ga mutum a gindin itace lokacin da kowa ke wuce shi. Ba ki mayar masa da hannunsa ba, ba ki mayar masa da gonarsa ba, wannan ba ya cikin ikonki. Abin da ke hannunki kika ba shi, kuma kin ba shi duka. Mun gode. Allah Ya saka maki da alheri, Ya ba ki lafiyar ido, Ya sa ki huta cikin kwanciyar hankali.

Mu kuma da muka rage, duk mai wata sana'a a hannu ya leƙa ta tagarsa, akwai wanda ke zaune a waje yana jiran a ce masa ya shigo. Malama ta koma Daudawa wurin danginta. Wanda hanya ta bi da shi can, ya tsaya ya gaishe ta tun tana iya gane fuska.