Kwamfutar da Na Ƙi Saya a Anaca

Mun tashi da asuba daga Fatakwal, ni da jikata, ana yayyafin nan na kullum. A tashar Mayil Tiri muka shiga bas. Jikar tawa tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, an ce lalle ta miƙa rubutun bincikenta kafin wata ya mutu, ga kuɗin shagon buga takardu ya fi ƙarfinmu. Sai na sayar da 'yan kunnena na zinari, na ce a saya mata kwamfuta, ko da ta hannu ce. Aka ce Anaca ta fi araha. Na ce to, ƙafata ƙafarta.

Hanyar Owerri kore shar, kwakwar manja hagu da dama. Kuɗin mota kuwa ya kusa ninka wanda na sani. Wani mai wa'azin coci ya miƙe ya yi mana addu'a mai tsawo, yana gamawa ya buɗe jaka ya shiga tallar maganin basir. Muka ci gasasshiyar ayaba da kifi, barkonon ya sa ni hawaye.

Anaca, jama'a, ban taɓa ganin kasuwa ta haɗiye gari haka ba. Muka hau wani bene, mai shago ya jera mana kwamfutoci kamar faranti. Jikata ta zaɓi wata baƙa, kuɗinmu ya kai. Ni ban yi boko ba, amma ina son sanin cikin abu. Na tambaya me ke sa ta aiki. Ta ce akwai manhaja a ciki, ita ke jan ragama, ta wani kamfani ce, saye ake yi da tsada.

Na ce, "To mu nawa muka biya tata?"

Mai shago ya yi dariya, ya ba da amsa da Turanci. Jikata ta fassara min: wai fasa ta aka yi aka zuba ba tare da an biya kamfanin ba, kowa haka yake yi.

Shekara arba'in marigayi maigidana yana dillancin shanu a mahautar Trans-Amadi ta Fatakwal. Ko saniya ta kai giwa ƙiba, ba ya sa hannu sai an nuna masa mai ita, ko wanda zai tsaya mata. Na ce a kira min wanda zai tsaya wa wannan manhaja. Babu. Na ɗauki jakata.

A ƙasan bene jikata ta ce, "Haba Kaka! Saniya ce? Sauran kwana nawa ya rage min?"

Na ce, "Ƙawata, da wannan ilimi za ki taɓa jikin marasa lafiya. Ba zan ɗora shi a kan kayan sata ba."

Muka kwana gidan 'yan'uwa a unguwar Hausawa, jikata ta juya min baya. Ni kuwa ina tsoron kar taurin kaina ya jawo mata maimaita shekara. Da safe mai masaukinmu ya ce mu gwada Inugu, ya san wani mai gyaran kwamfuta a unguwar Kol Kam.

Inugu garin tuddai ne, ƙasa ja, mata na tallar okpa, wato alalen gurjiya, da zafinsa a ganye. Mai gyaran Inyamuri ne haifaffen Kano, Hausarsa ta fi ta jikata. Ya saurare ni har ƙarshe, bai yi dariya ba. Ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta mai tabo a murfi, ya ce manhajar cikinta mutane ne daga ƙasashe da yawa suka taru suka gina, suka rubuta cewa kowa ya ɗauka, kowa ya leƙa cikinta, wanda ya iya ya gyara.

Na ce, "Gayya ke nan. To wa ke ciyar da su?"

Ya ce, "Hajiya, wasu ana biyansu, wasu bayan sun tashi aiki suke yi."

Na sa ya buɗe rubutun izinin, jikata ta karanta ta fassara min layi-layi. Ya kuma faɗi aibinta da kansa: batirin ba ya daɗewa, kuma wasu abubuwan da ƙawayenta ke amfani da su ba za su hau ba. Jikata ta soka ɗan abin da take ajiye rubutunta a ciki. Sai ga shi ya buɗe, shafi bayan shafi, jadawali ɗaya ne kawai ya karkace. Ta gyara shi a tsaye, tana ɓoye murmushi. Muka saya, har canji muka samu.

Bayan la'asar muka iso gida ta hanyar Aba, ƙuguna kamar ba nawa ba. Ran Litinin ta miƙa aikinta, saura kwana biyu a rufe karɓa.

Abin da tafiyar ta koya min, halal tana nan har a cikin na'ura, sai dai takan fi nisa da tasha ɗaya. Na tambayi limaminmu yadda ake yi wa mutanen da ba a san sunansu ba addu'a, irin waɗanda suka gina manhajar nan. Ya ce in yi kawai, Wanda nake roƙo Ya san su.